Farin shafin da ya cinye mini rabin yini

Talata.

Tun da safe nake fama da manhajar Android da muke haɗawa. Shafin biyan kuɗi da muka cusa a cikin WebView, wato tagar da ke nuna shafin intanet a cikin manhaja, yana buɗewa lafiya lau a Chrome na kwamfuta, amma a waya sai fari fat, ko ɗigo babu. Abin haushin, manhajar ba ta mutu ba, ba ta kuma yi ƙorafin komai ba. Shiru kawai.

Har ƙarfe goma ina ta lalube a duhu, in canza nan in canza can. Daga baya na ce gara in sa ta faɗi abin da ke damunta da bakinta. Na danna Build number sau 7 a saitin wayar gwaji don buɗe saitin masu haɗa manhaja, na kunna USB debugging don kwamfuta ta iya magana da wayar, sannan na ƙara layi ɗaya da ke ba da damar leƙa cikin WebView daga kwamfuta: WebView.setWebContentsDebuggingEnabled(true). Tun Android 4.4 ta 2013 wannan damar take, ni ne dai ragonci ya hana.

Na buɗe chrome://inspect, shafin Chrome da ke nuna wayoyin da aka jona da kwamfuta, wayar ta ƙi fitowa. Na zargi adb, manhajar da ke sada kwamfuta da wayar, na zargi kwamfuta, ashe kebul ɗin na caji ne zalla, ba ya ɗaukar data. Sai da na ari wani wurin abokin aikina, yana ta yi mini dariya: “Malam, ai da ka tambaya.”

Bayan azahar na zauna na gyara sha'anin yadda ya kamata. A WebChromeClient na rubuta onConsoleMessage, don kowane saƙo daga shafin ya riƙa zuwa logcat, wato kundin saƙonnin wayar, da lambar layinsa da sunan fayil ɗinsa. Logcat kuwa kasuwa ce, kowa na surutu, don haka na tace da adb logcat -s, na bar saƙonnin chromium, injin WebView, da masu alamata kaɗai.

Nan take mai laifin ya bayyana. Shafin yana neman localStorage, wurin da shafi ke adana bayanai a na'ura, tun a layukan farko, WebView kuma a rufe take zuwa da shi. JavaScript, umarnin da ke tafiyar da shafin, ya yi tuntuɓe a nan, sauran duk bai gudana ba. Na sa setDomStorageEnabled(true), shafi ya fito tsaf.

Kafin in tashi na killace layin binciken a cikin BuildConfig.DEBUG, ya riƙa aiki a manhajar gwaji kaɗai, don in ya bi manhajar zuwa hannun jama'a, duk wanda ya kunna USB debugging ya jona wayar da kwamfuta zai iya leƙa cikin shafin. A log ɗin kuma na tsinci wani layin console.log a shafin da ke buga lambar shigar mai amfani a fili. Na duba tarihin fayil ɗin don in ga wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki. Ni ne, wata biyu da suka wuce. Na goge shi ban gaya wa kowa ba.

Kebul ɗin aro yana cikin jakata, gobe in sha Allah zan mayar.