Tukunya da wuta: darasi daga karatun maganin gargajiyar Sinawa

Mai fara karatun maganin gargajiyar Sinawa yakan zaci haddar sunayen itatuwa ce aikin. Sai an zo kan dahuwa yake gane cewa rabin maganin a tukunya yake.

Likita yakan haɗa saiwoyi, sassaƙe da ganyaye, sau da yawa iri goma ko fiye, a ƙunshi guda na yini ɗaya. Tukunyar ƙasa ake so. Ta ƙarfe ko ta alminiyom takan haɗu da sinadaran sassaƙe, ruwan ya yi baƙi, ɗanɗano ya sauya. Da farko a jiƙa haɗin a ruwan sanyi na minti 30, ruwan ya haura kansa da kamar santimita 2 zuwa 3. Wanda ya yi gaggawa ya zuba tafasasshen ruwa, bayan saiwar ne zai dahu, cikinta kuwa bai saki komai ba. Sai a ba shi wuta sosai har ya tafasa, a rage, ya yi minti 20 zuwa 30, a tace. A ƙara ruwa a sake dafawa, a haɗe ruwan biyu, a raba na safe da na yamma.

Inda hannu ke bambanta shi ne lokacin da kowane abu zai shiga. Ɓawon kawa da duwatsun magani su ake fara sawa, rabin awa kafin saura, don taurinsu. Na'ana'a kuwa sai saura minti 5 a sauke, in ba haka ba ƙarfinta ya bi tururi. Ƙananan iri masu yauƙi a ɗaure su a ƙyalle kada su kama gindin tukunya. Saiwar wani tsiro da Sinawa ke kira fuzi ita ce ba a wasa da ita: dafi gare ta mai rikita bugun zuciya, doguwar tafasa ce ke karya shi, awa guda ko fiye. Ɗan dafa ta sama-sama ya sha kai mutane asibiti, wasu ma kabari. A ganina, bai kamata ɗalibi ya taɓa ta ba sai malami na tsaye a kansa.

Akwai kuma wanda wuta ke ɓatawa. Tun ƙarni na 4 Ge Hong, wani masanin magani na Sin, ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa ganyen wani tsiro mai suna qinghao cikin hannu ɗaya a ruwa, ya matse ya sha, bai ce a dafa ba. Wannan ne ya ankarar da Tu Youyou, wata mai binciken magunguna 'yar Sin, bayan tafasawa ta ƙi ba da sakamako tsayayye. A 1971 ta tatso ganyen da sinadarin da ke tafasa a wajen digiri 35 na ma'aunin Celsius, aka kai ga atemisinin, wanda shi ne tushen ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Shayin ganyen dai ba ya maye gurbin ƙwayar maganin: sinadarin da ke cikinsa ba shi da tsayayyen awo, yakan kwantar da zazzaɓi ya bar ƙwayar cutar a jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba.