Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Darussan Share Fagen Jarrabawar Ma'aikatan Tarayya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka halarci darussan share fage sun zauna jarrabawarsu sun tashi lafiya, da masu neman a tabbatar musu da aiki, da masu neman ƙarin girma. Sakamako na wurin Allah. Mu 'yan kwamitin da ya shirya zaman, namu shi ne mu yi godiya a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici. Za mu haɗa godiyar da abin da kowane malami ya koyar, saboda masu zuwa baɗi su tarar da shi a rubuce.

Mun fara da iyayenmu, tsofaffin daraktoci da jami'an mulki da suka yi ritaya, waɗanda suka bar hutunsu na ƙarshen mako suka tsaya gaban allo, ko kuɗin mai ba su karɓa ba. Ranku ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Abu na farko da suka yi shi ne raba ɗalibai da tsofaffin littattafai, kuma a ganinmu babu taimakon da ya kai wannan. Kundin Dokokin Aikin Gwamnati, wato PSR, da ya fi yawo a ofisoshi bugun 2008 ne, alhali an sabunta shi, bugun 2021 ne ke aiki. A tsohon ba za ka ga hutun kwana 14 da ake ba magidanci idan matarsa ta haihu ba. An kuma dawo da wa'adin shekara 8 ga darakta, da shekara 4 ga babban sakatare, wanda ake iya sabuntawa sau ɗaya. Haka batun fansho yake: dokar 2004 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 7.5, gwamnati ma 7.5, amma dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki. Ƙananan littattafan tsoffin tambayoyi da ake sayarwa har yanzu wasu na ɗauke da tsohuwar amsa, kuma wanda ya haddace ta ba zai ma yi shakka ba lokacin da yake zaɓen kuskure. Shi ya sa suka ce a ɗauki tsoffin tambayoyi a matsayin gwaji kawai, kowace amsa a koma kundi a nemo dokar da ta tabbatar da ita.

Akwai alƙaluman da suka nace a riƙe da ka: shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da sabon ma'aikaci, ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, mafi ƙarancin zama a matakin albashi kafin ƙarin girma shekara 2 ga mataki na 06 zuwa ƙasa, 3 ga na 07 zuwa 14, sai 4 ga na 15 zuwa sama.

Babin ladabtarwa ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Matsalar a nan ta harshe ce. Mai tunani da Hausa "dakatarwa" ɗaya ya sani, amma doka ta raba ta biyu. Intadikshan ana yi wa wanda ake shari'a ko bincike a kansa, yana karɓar rabin albashinsa. Sasfenshan kuwa sai an ga alamun laifi mai nauyi sun tabbata a matakin farko, kuma albashi ya tsaya gaba ɗaya. Haka laifi ya kasu: yawan makara, barci a bakin aiki, ko talla a harabar ofis suna cikin laifi na gama-gari, ƙin zuwa aiki ba izini, ɓoye fayil, sauya bayanan takardu, cin hanci da shiga siyasar jam'iyya suna cikin babban laifi. Da yawa suna ɗaukar fashin aiki ƙaramin abu ne saboda sun saba ganinsa a ofis, sai su sa shi a rukunin farko. Jarrabawa ba ta tambayar abin da aka saba yi, abin da ke rubuce take tambaya.

Muna godiya ga Hajiyarmu, tsohuwar akanta, da ta ɗauki Ƙa'idojin Kuɗi na 2009 ta warware su dalla-dalla. Ta gyara kuskuren da ya fi yawa: jami'in da alhakin kuɗin ma'aikatar gwamnati ke wuyansa babban sakatare ne, ba daraktan kuɗi ba. Ta bayyana cewa kuɗin kashe-kashen yau da kullum da ake damƙa wa jami'i na shekara dole a rufe lissafinsa zuwa 31 ga Disamba. Ta kuma haɗa darasin da Tsarin Mulki na 1999, sashe na 80 kan asusun tara kuɗin shigar gwamnatin tarayya (Consolidated Revenue Fund) da na 85 kan babban mai binciken kuɗi, da asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta aiki da shi a 2015. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya.

Malamin rajista, wato ofishin ajiyar fayiloli, ma ya zo da fayil na gwaji, ya nuna yadda ake jera lambar shafi, inda ake rubuta bayani ga na gaba, da bambancin gajerun umarnin da ake rubutawa a fayil, KIV, BU da PA: a sa ido, a dawo da shi ranar kaza, a adana an gama. Wanda bai taɓa zama a rajista ba yakan rikita na biyun farko.

Ga ƙaninmu mai cibiyar kwamfuta da ya buɗe mana ɗakinsa har da janareta, kalmar godiya ta yi kaɗan. Yanzu a kwamfuta ake wannan jarrabawa, kuma akwai ƙwararrun ma'aikata da aiki ke kansu amma hannunsu na rawa a kan linzami. Ya koyar da maɓallan da aka saba da su a tsarin JAMB: A zuwa D don zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Ya yi gargaɗi sosai kan S, don wanda ya tabbatar da miƙawa ba ya dawowa. Ya ce da an zauna a raba lokaci da yawan tambayoyi. Idan misali tambaya 100 ce a minti 60, kowace na da daƙiƙa 36. A zagaye na farko a amsa na tabbas, na biyu a koma wa masu wuya, a bar minti 5 na dubawa. A karanta tambaya har ƙarshe, domin NOT ko EXCEPT guda ɗaya na juya ma'anarta. Ya kuma ja kunnen yayyenmu da ƙannenmu mata su dakata da ƙunshi kafin ranar, saboda lalle na hana na'ura karanta zanen yatsa. Takardar shiga a buga ta tun da wuri, a riƙe katin shaidar aiki, a je a ga cibiyar kwana ɗaya kafin nan, waya da agogo a bar su a gida.

A ɓangaren al'amuran yau da kullum, matasan da suka riƙa tattaro labarai sun kyauta. Su suka tuna wa aji cewa an koma tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya zama naira 70,000 a 2024 ɗin.

Mun gode wa shugaban makarantar da ya ba mu aji, da maigadin da ke jiranmu har magariba, da 'yan'uwanmu Kirista da Musulmi da suka daidaita lokaci tsakanin coci da sallar azahar ba tare da an ji kansu ba. Matan aure da mazaje da suka riƙe gida da yara a waɗannan makonni, ladanku na wurin Allah.

Masu jiran ƙarin girma su sani cin jarrabawa sai ya haɗu da samun gurbi a mataki na gaba, don haka a bi ta ofishin kula da ma'aikata na ma'aikatarku a tabbatar takardunku sun cika. Waɗanda suka ari kundin PSR da na Ƙa'idojin Kuɗi, don Allah a maido wa sakataren kwamiti, akwai masu jiransu. Allah ya ba kowa sa'a, ya sa mu ji alheri.

Wassalam,
Kwamitin Shirya Darussa