Kwana uku ba mu ɗaga shi ba

Watanmu biyar da sauka a Bradford ta ƙasar Ingila, ban ma gama sabawa da sanyin garin ba, naƙuda ta zo mini cikin yana mako 27. Aka yi mini allurar da ke ƙarfafa huhun jariri. Da ya faɗo, ungozoma ta dakata minti guda kafin ta yanke cibiya, don jinin mabiyiya ya ƙara shiga jikinsa. Giram 950 ya auna.

Daren nan wata likita ta zaunar da mu ta zana mana kai a takarda. Ta ce can tsakiyar ƙwaƙwalwar bakwaini, gefen ramukan da ruwa ke taruwa, akwai jijiyoyin jini sirara waɗanda bangonsu bai yi ƙwari ba. Jikin babba yana daidaita jinin da ke zuwa kansa, amma wanda aka haifa kafin mako 32 bai iya wannan sosai ba. Jini ya hau ko ya sauka farat ɗaya, sai jijiya ta fashe. Yawanci kuma a kwana ukun farko abin ke faruwa.

Shi ya sa aka kwantar da shi cikin kwalba, kansa a saiti, ba a karkata shi gefe. Ko ƙunzugu za a canza, ba a ɗaga ƙafafunsa sama.

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. A Kano da tuni 'yan barka sun cika gida, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu. Hajiya ta kira tana tambaya, "'Yar nan, kin ɗauke shi kuwa? Wa ke dafa miki ruwan wanka?" Na kasa ba ta amsa. Maigidana ta ƙaramar tagar kwalbar ya yi masa huɗuba, cikin raɗa.

A kwana na uku aka ɗora na'urar hoto a maɗigarsa. An ga ɗan jini a ɓangaren hagu, mataki na 1 cikin 4, wato mafi sauƙi. Likitar ta ce irin wannan galibi yana bajewa da kansa, amma za su ci gaba da dubawa suna auna faɗin kansa.

Ranar suna a Kano aka yanka rago, muka kalla ta waya a bakin ɗakin jarirai. Aski kuwa aka ɗage. Kwana biyu bayan nan wata nas ta tattara wayoyin jikinsa a hannu ɗaya, ta sa shi cikin rigata, fata da fata. Awa biyu ban motsa ba.