Harufa Huɗu da Suka Ci Min Rabin Albashi

Shekara huɗu na yi a wani ofishin fassara a Omdurman ta ƙasar Sudan, kuma abin da aka fi sanina da shi ba fassarar ba ce, wasan ramzi ne, wato lissafin abjadi, inda kowane harafin Larabci yake da adadinsa. Bayan la'asar, idan mai shayi ta aiko da kofuna, sai wani ya jefo kalma, kowa ya haɗa lissafin haruffanta da ka, wanda ya zo ƙarshe shi ke biyan kuɗin shayi. Wasu sun fi son musajala, a ɗauko baiti da harafin da na baya ya ƙare, mu Hausawa uku kuma mu koma zaurance idan muna gulmar Ustaz, mai sa hannu a kan aikinmu. Amma a ramzi ban taɓa biya ba, har ta kai ana ce min Sarkin Abjadi.

Wata rana wani dattijo daga garin Mai Wurno na Sudan ya kawo waƙar ajami ta kakansa a kan hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi, yana so a buga wa jikoki. A baitin ƙarshe akwai ramzin shekara: shinun, sinun, kafun, alifun. Kafin ya gama zama na haɗa da lissafin Gabas da muka saba: 300, 60, 20, 1, wato 381. Na ce wannan shekara ba ta yiwuwa, mai kwafa ne ya yi tuntuɓe. Na rubuta haka a gefen shafi, Ustaz ya sa hannu, aka buga.

Da dattijon ya dawo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wa ya koya maka hisabi?" Ya ɗauki alƙalamina ya nuna min cewa malamanmu na ƙasar Hausa lissafin Magariba, wato na Arewacin Afirka, suke bi, inda shinun take 1000, sinun 300. Sai ga 1321 ta hijira ta fito, wadda ta yi daidai da 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Na ce, "Baba, a gafarce ni," bakina ya mutu daga nan.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Abin da har yau bai wuce min ba shi ne Ustaz, wanda shi ya koya mana lissafin Gabas a teburin shayin nan, shi ya sa hannu, amma a gaban mutane ya ce bai taɓa ganin shafin ba. Aka cire kuɗin sake bugu daga albashina.

Shawarata ga wanda zai gaji kujerata: ka tambayi inda takarda ta fito kafin ka ƙidaya harafi ɗaya. Ka riƙa ajiye kwafin duk abin da aka sa wa hannu. Kada ka yi zaurance kusa da mai shayi, tana ji.

Wasan ma na canza masa doka kafin in tafi, duk wanda ya jefo kalma sai ya faɗi lissafin da yake nufi, na Gabas ko na Magariba. Tun ranar Ustaz bai sake zama da mu ba.