Tsatsa da tayirod: abin da ya fi ba ni wahala a gareji

Shekara 14 kenan da na buɗe ɗan garejina a bakin titi, nan gefen Ringim, ni da yara uku, kuma duk wanda ya tambaye ni aikin da ya fi cin rai ba inji zan ce masa ba, inji ai kana buɗewa kana ganin ciwonsa. Notin ƙafa da tsatsa ta kama shi ne bala'i, musamman na wurin da ake saita ƙafar, wato tayirod, ƙarfen da yake haɗa sitiyari da taya, da notin da yake gyara kwanciyar taya.

Mafi yawan motocin da suke zuwa mana Golf ne da Sharon, na haya, wasu tun shekarun 1990 aka ƙera su. Kuma tun daga Turai suke tahowa da ciwon, don can idan ƙanƙara ta sauka gishiri ake watsa wa titi, gishirin nan ya yi ta cin ƙarfen ƙasan mota, sannan ta zo nan ta faɗa taɓon fadama da damina. Bayan ambaliyar 2022 kam sai da muka yi wata da watanni muna fama da motocin da suka kwana cikin ruwa. Ita tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cike tsakanin zaren noti ya zama kamar an yi masa walda.

Kwanaki wani direba ya kawo Golf, tayoyin gaba duk sun cinye ta ciki har waya ta fito, ya je wurin masu alaimen, wato masu saita ƙafar mota, sun ce tayirod ya ƙi motsi. Yana tsaye a kaina, "Oga dan Allah a yi sauri, gobe ina da lodi." Na ce masa Malam wannan ba aikin sauri ba ne. Na tafi sallar la'asar, kafin na dawo yarona babba ya zura fayif a gindin sifana ya hau kai da ƙafa, ji kake ƙas, ƙarfen tayirod ɗin ya rabu biyu. Toh ga shi nan babu inda za ka samu a garin, washegari da sassafe na tura shi Kano, kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, kuɗin mota da kuɗin kaya duk daga aljihuna, direba kuma ya rasa lodin da yake wa gaggawa. Ban daki yaron ba amma ya sha faɗa.

Yadda nake yi ni, da farko burushin waya, a goge zaren tas har ka ga hasken ƙarfe, don in ba a goge ba man da za ka zuba a kan datti yake tsayawa. Sai a fesa WD-40, man feshin da yake sassauta tsatsa, in akwai, in babu kalanzir ko man giya ma suna taimakawa, a bar shi ya jiƙa, wani lokacin har ya kwana. Sai ka kara babbar guduma a bayan notin ka riƙa bugun gabansa da ƙarama, girgizar ce take farfasa tsatsar. In ka ɗora sifana kada ka nufi kwancewa kai tsaye, ka ɗan ɗaure tukuna, ka dawo, gaba baya gaba baya, za ka ga ruwan tsatsa ja yana fitowa, toh ya fara sallamawa. Kuma ka ƙirga zagaye nawa ka yi kafin kan tayirod ɗin ya fita, ka mayar da sabo daidai haka, don motar ta iya kai kanta wurin alaimen ba ta cinye taya a hanya ba.

In duk ya ƙi sai wuta. Maƙwabcina mai walda ne, shi nake kira da gas ɗinsa. Noti ake gasawa don ya buɗe, ba ƙarfen da yake ciki ba, kuma a naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan roba da kan tayirod saboda giris ɗin ciki. Shokazoba kuwa wallahi ban yarda a kai wuta jikinta ba ko kusa, mai ne da iska a matse a ciki, tana iya fashewa a fuskar mutum. Haka sifirin, in yana danne ba a wasa da notin samansa.

Wanda ya fi kowa taurin kai shi ne dogon noti da ya manne cikin bushin, wato robar da take tsakanin ƙarafan ƙafa. Kana juyawa robar tana juyawa da shi, ka saki ya koma. Wannan ba na ɓata lokaci, yanka shi nake a sa sabo. Wasu direbobin sai su ce a dai yi wa tayirod ɗin da ya karye walda a lallaɓa, ni ba na yi, mutum 9 ko 10 ake cusawa a motar nan, in ya balle a guje sitiyari ya zama ado. Wani ya yi fushi ya tafi wani garejin, shikenan.

Duk wanda na kwance sai na shafe zarensa da giris kafin na ɗaure. Direban Golf ɗin nan ya dawo bayan damina a sake saita masa ƙafa, yaron da ya karya na farko shi na ba sifana, da hannu ɗaya ya kwance.