Asabar a Macon tare da Baba

Bayan sallar asuba ban koma barci ba, domin mun yi da Baba maƙwabcina ƙarfe takwas za mu kama hanyar Macon. Bature ne haifaffen jihar Jojiya ta Amurka, tsohon bakanike, ya haura saba'in. Ni na laƙaba masa Baba, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Tun da idonsa ya fara rauni ya bar doguwar tuƙi, shi ya sa ya roƙe ni in kai shi gidan da makaɗan Allman Brothers suka zauna, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Daga Atlanta tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma tun ba mu fita gari ba bakinsa ya buɗe.

A 1969 ya fara ganinsu, yana saurayi, a filin shaƙatawa na Piedmont da ke cikin Atlanta. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Sun zo da kayan kiɗansu, suka jona wuta, suka kama aiki, wanda ya ga dama ya zauna a kan ciyawa. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne masu ganga biyu a ƙungiya guda, Butch Trucks fari, Jaimoe baƙi, suna kiɗa kafaɗa da kafaɗa. Shekara biyar ke nan kacal da dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a, kuma a Jojiya zukata ba su gama saukowa ba. Da aka tashi, Baba ya taya su ɗaukar lasifika zuwa mota, Duane Allman, mai jita kuma jagoran ƙungiyar, ya miƙo masa hannu suka gaisa. Iyakar abin da ya haɗa su ke nan. Amma in ka ji yadda yake ba da labarin, har da nuna min tafin hannun nasa, sai ka tuna da dattawanmu idan suna faɗin ranar da Shata ya yi wasa a garinsu.

Gidan yana kan titin Vineville. A nan wasu daga cikin makaɗan da iyalansu suka zauna daga 1970 zuwa 1973, aka buɗe shi ga masu ziyara a 2009. Akwai jitoci a cikin gilashi, da tufafi, da tsofaffin takardun tallan wasa, ga ɗakin Duane a sama. Ni dai mutanen da suka zo kallo sun fi kayan ɗaukar hankalina. Galibinsu furfura ta cika musu kai, kuma ba wanda ke jiran a gabatar da shi. Ɗaya zai tsaya gaban hoto ya ce yana wurin ranar, sai na kusa da shi ya juyo, hira ta ɓarke.

A kicin muka haɗu da wata dattijuwa mai dogara sanda. Ta ce tana cikin taron da aka yi a Byron a watan Yuli na 1970, ba nisa da Macon, inda Allman Brothers suka yi wasa, Jimi Hendrix ma ya yi. Na tambaye ta wace waƙa ta fi tunawa. Ta yi dariya, ta ce zafin rana ta fi tunawa, da kwana a fili, da wani baƙo da ya raba ruwan shansa da ita. Baba ya ce shi ma yana can. Nan suka shiga lissafin ta wane gefen dandamali kowa ya tsaya, kamar za su gano juna a cikin dubun dubatar mutane bayan shekara hamsin da ɗoriya.

Wanda ya fi taɓa min zuciya wani mutum ne daga Luwiziyana, masoyin Lynyrd Skynyrd, wata ƙungiyar makaɗa ta kudancin Amurka. Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro wani ɗan tikiti da ya koɗe, an lulluɓe shi da leda, gefensa duk ya cinye. Na wasan da za su yi ne a Baton Rouge. Ranar 20 ga Oktoba 1977, suna hanyar zuwa can, man jirginsu ya ƙare, ya faɗi a dajin kusa da Gillsburg a Misisipi. Mutum shida suka mutu, har da mawaƙinsu Ronnie Van Zant, da Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie. Mutumin ya ce ya taɓa ganinsu sau ɗaya kafin nan, kuma bai taɓa tunanin mayar da tikitin a ba shi kuɗinsa ba. Ya ba ni na riƙe. Sai da na miƙa masa na lura da ƙaramar tutar 'yan awaren kudu a jikin hularsa, tutar waɗanda suka yi yaƙi don bauta ta ɗore. Gabana ya faɗi. Mutumin bai nuna min komai ba sai mutunci, amma tutar tana nan.

Da azahar muka je H&H, gidan abincin da Mama Louise Hudson, baƙar fata, ta riƙa ciyar da waɗannan samari masu dogon gashi bashi lokacin da ba su da ko sisi. Da suka samu, ba su manta da ita ba, har tafiya wasa suka yi da ita a 1972. Na tambayi abin da babu naman alade a ciki, na ci soyayyar kaza. Muna ci na kawo wa Baba maganar tutar. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce Skynyrd sun shekara da shekaru suna rataya ta a bayan dandamali, shi ma ya taɓa manna ta a motarsa, kuma sai da ya girma ya tsaya ya yi tunanin yadda abokan aikinsa baƙaƙe ke ji idan sun gan ta. Ni a ganina tutar ba ta dace da kiɗan ba ko kaɗan. Tushen kiɗan nan shi ne salon blues na baƙaƙen kudu. Duane kansa, kafin ya kafa ƙungiya, a garin Muscle Shoals na Alabama ya yi suna, yana kaɗa wa Wilson Pickett da Aretha Franklin jita. Phil Walden, mai kamfanin faifai na Capricorn da ya kawo su Macon, shi ne manajan Otis Redding a da.

Daga nan sai maƙabartar Rose Hill, a bakin kogin Ocmulgee. Duane ya mutu a haɗarin babur ranar 29 ga Oktoba 1971. Berry Oakley, abokin kiɗansa a ƙungiyar, ya bi shi ranar 11 ga Nuwamba 1972, shi ma a kan babur, 'yan layuka kaɗan daga inda na farko ya faru. Dukansu shekararsu 24, kuma kaburburansu na jere da juna. Gregg, ƙanin Duane kuma mawaƙin ƙungiyar, an binne shi kusa da su a 2017, kuma Jimmy Carter, wanda suka yi wa wasannin tara kuɗi lokacin da yake neman shugabancin ƙasa, ya halarci jana'izarsa. Baba ya cire hula ya daɗe a tsaye, ni kuma na ja gefe na ba shi wuri. Da muka koma mota ya ce min tun mutuwar Dickey Betts, ɗaya mai jitar ƙungiyar, a 2024, Jaimoe kaɗai ya rage cikin shidan da ya gani a Piedmont.

A hanyar dawowa na ce masa, Baba, labaran nan bai kamata su tsaya a cikin mota ba, jikokinka za su so su ji su da muryarka. Ya ɗan yi gardama, daga baya ya yarda. Mun yi Asabar mai zuwa bayan la'asar zan shiga wurinsa da wayata in naɗa, za mu fara daga Byron. Ya ce kafin nan zai sa 'yarsa ta sauko masa da akwatin hotunan da ke saman kabad.