Mai kalmar sirrin sata ba ya ƙwanƙwasa ƙofa

Duk tsaron da aka saba yi wa sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙun ofis, waje yake kallo. Manhajar Fail2ban na korar mai cankar kalmar sirri, tsare-tsaren SPF da DKIM da DMARC na shaida cewa saƙo daga gare mu ya fito. Amma wanda ya saci kalmar sirrin ma'aikaci ba ya canka. Kai tsaye yake shiga ta ƙofar 587 da ake tura wasiƙa ta cikinta, Postfix, manhajar da ke aika wasiƙunmu, ya karɓe shi hannu biyu, DKIM ya buga wa sharar saƙonninsa hatiminmu.

Haka ta same mu a ofis. Wata ma'aikaciya ta samu saƙo wai akwatinta ya cika, ta bi mahaɗin, ta zuba kalmar sirrinta a shafin bogi. Ban ga laifinta ba, domin shafin har tambarinmu yana ɗauke da shi. Kafin gari ya waye layin saƙonni ya cushe, Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin sharar imel, ta sa adireshin IP ɗinmu, wato lambar da ake gane sabarmu da ita a intanet, a jerin masu watsa shara, Gmail na dawo mana da wasiƙun aiki na gaskiya.

Da na bi sasl_username, wato sunan akwatin da aka shiga da shi, a rajistar wasiƙu, sai ga suna ɗaya tal, amma adireshin IP barkatai daga ƙasashe daban-daban, kowanne ya tura kaɗan ya ɓace. Shi ya sa iyakar da Postfix ke sa wa kowane IP ko gezau ba ta sa sun yi ba.

Na rufe akwatin, na dakatar da layin saƙonnin da umarnin postsuper -h don kada wasiƙun mutane su tafi tare da shara, na tace, sannan na share. Canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba. Sai da na kori haɗin da ke buɗe da umarnin doveadm kick, na kuma leƙa dokokin Sieve masu tace wasiƙun da ke shigowa akwati, inda na tarar ɓarawon ya dasa dokar da ke tura masa kwafin duk wasiƙar da ta shigo. Wannan ya fi sharar tayar min da hankali. Bayan nan ne na nemi Spamhaus ta cire mu.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne postfwd, wanda ke ƙirga saƙo bisa sunan mai akwati, ko daga ina ya shigo. Na sa iyakar saƙo 100 a awa. Wanda ya haura, a tsayar da shi, wayata ta yi ƙara. Mai tura sanarwar ofis ya yi ƙorafi, na ware masa hanyarsa daban. Na kunna reject_sender_login_mismatch don kada akwati ɗaya ya riƙa aika saƙo da sunan kowa. Tantancewa mai mataki biyu kuwa, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, shafin imel na burauza kawai take karewa, ƙofar 587 ba ta san da ita ba, don haka kowace waya da kwamfuta na ba ta kalmar sirrinta daban.

Ma'aikatan kuma na roƙe su: duk wanda ya zuba kalmar sirrinsa a inda yake shakka, ya kira ni nan take, ko tsakar dare ne, ba faɗa ba tsawa.